TSAKANIN FAƊUWA DA ASIBITI

Tun ina ɗalibi nake tara kuɗin tara ina sayen littattafan 'yan'uwa marubuta, kuma har yau da furfura ta soma leƙowa a gemuna ban daina ba. A cikin wannan dogon karatu na lura da wata jimla wadda kusan dukkanmu muka gada daga juna. In mota ta kife da taurarin labari, sai marubuci ya ce aka kwashe su sai asibiti. In yarinya ta ji mummunan labari ta faɗi sumammiya, sai a yayyafa mata ruwa ta farfaɗo, labari ya ci gaba. Da layi ɗaya ake tsallake abin da ya auku tsakanin faɗuwa da ƙofar asibiti, alhali a zahiri wannan tsakani yakan kai minti goma, ko talatin, ko awa guda. Ni kuwa na taɓa shiga cikin waɗannan mintoci, kuma abin da na aikata a cikinsu shi ya sa na ɗauki alƙalami yau.

A shekarar 2013 ne, cikin hunturu, bayan sallar la'asar. Ina tsaye bakin titi a nan unguwarmu ta Ƙofar Rini, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin birnin Sakkwato, ina jiran mai ƙosai ta kwashe mini. Akwai wani maƙwabcina ɗan kabu-kabu wanda zan sakaya sunansa, matashi mai mata ɗaya da ɗa ɗaya. Shi ke kai ni makaranta kullum da safe, in wata ya yi nisa ya ɗauke ni bashi har a yi albashi, bai taɓa tuna mini ba. A gaban idona wata mota ta buge shi ta baya, ya tashi sama ya faɗo a gefen kwalbati. Ko da na isa gare shi idonsa biyu, ya gane ni, ya ce, "Malam, wuyana." Na kuma ga ya janyo ƙafarsa ta dama ya lanƙwasa ta. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ƙafa a zuciyarsa, domin ni ma na riƙe ta shekara da shekaru.

Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa da niyyar alheri. Wani ya fasa ledar ruwa ya kwarara masa a fuska. Wani ya tallabo shi don ya zaunar da shi. Wani dattijo ya kama ƙafa yana ja, wai a gyara kafin jini ya kwanta. Can wani ya ɗaga murya ya ce a kai shi asibiti, sai muka yi caa a kansa. Ni na kama hammata, wani ya kama ƙafafu, kansa kuwa yana reto ba wanda ya tallafe. Motoci biyu muka tsayar suka ƙi, saboda tsoron kada a riƙe su wajen 'yan sanda. Daga ƙarshe muka ɗora shi bisa babur, mai tuƙi a gaba, shi a tsakiya, ni a baya na rungume shi. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kansa ya bugi kafaɗata. A zuciyata kuwa ina jin na yi abin da maƙwabci nagari zai yi.

Bayan kwana biyu, da aka ɗauki hoto, likita ya kira mu ya ce ƙashin wuya ya karye, laka kuma ta taɓu. Ya tambaya yaya aka ɗauko shi. Na ba shi labari tiryan-tiryan, har da ɗan alfahari. Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya zana mini a bayan wata takarda. Ya ce ƙasusuwan baya kamar zobba ne da aka jera, laka kuwa ta ratsa ta tsakiyarsu kamar zare, ita ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa. In zobe ɗaya ya karye, bakinsa yakan zama kamar wuƙa, duk motsin da aka yi da wuyan yana iya yanka zaren. Ya ce mai yiwuwa bugun motar ne ya gama ɓarnar tun farko, mai yiwuwa kuma ɗaukar ce ta ƙarasa, Allah kaɗai Ya san gaskiya. Bai zarge ni ba ko kaɗan. To amma shi bai ga ƙafar nan ta lanƙwashe a bakin kwalbati ba, ni na gani. Tun daga ranar ba ta sake motsi ba.

Maƙwabcina ya yi shekara biyu da 'yan watanni a kwance kafin Allah Ya karɓi abinSa. Duk ranar da na shiga gaishe shi sai ya dubi waɗanda ke wurin ya ce, "Ga wanda yat taimake ni nan. Wasu tsaye sun ka yi suna kallo." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abokaina sun yi ta ba ni haƙuri da cewa ƙaddara ce, kuma na yarda, domin babu mai tsallake abin da aka rubuta masa. Sai dai malamanmu da suka karantar da mu imani da ƙaddara, su ne kuma suka karantar da mu riƙo da sababi da neman sanin abu kafin a aikata shi. Ga ni malamin makaranta mai takardar difloma, ina koyar da 'ya'yan mutane, amma ban san yadda ake taɓa wanda ya faɗi ba.

Duk mutumin Sakkwato ya san 'yan agaji. Muna ganinsu da kakinsu a filin idi, da wuraren wa'azi, da sansanin alhazai, na Jama'atu Nasril Islam da na sauran ƙungiyoyin addini. Ni dai a da na ɗauka aikinsu bai wuce gyara sahu da tsare hanya ba. A masallacinmu akwai wani dattijo daga cikinsu, tsohon malamin asibiti da ya yi ritaya, wanda ya daɗe yana koyar da agajin gaggawa tare da 'yan Red Cross. Wata rana bayan sallar isha'i na tsare shi na kwashe labarin nan na faɗa masa. Bai ce mini ba laifina ba ne, bai kuma ce laifina ne ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, ka zo ran Asabar da hantsi, ka sanyo tufan da ba ka jin tausai nai."

Darasin farko da ya ba mu ya ba ni mamaki, domin cewa ya yi mu koyi tsayawa. Ya ce in ka isa wurin haɗari, ka fara duba ko akwai abin da zai cuce ka kai ma, kamar mota mai zuwa ko wayar lantarki ko man fetur da ya zube. Sa'an nan ka durƙusa ka yi wa mutumin magana, ka duba ko yana numfashi, ka duba ko jini na zuba. Wanda ya faɗo daga babur ko bisa itace yana kukan wuya ko baya, a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kansa ya riƙe kan da hannu biyu kada ya motsa. In ɗauka ta zama dole, a samo abu mai ƙarfi shimfiɗaɗɗe kamar ƙyaure ko benci, mutum huɗu ko biyar su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da wuya da gadon baya a miƙe, mai riƙe da kai shi ke ba da umurni. Ina sauraro ina tuna ƙyauren shagon mai ƙosai, wanda ke jingine taku biyar daga inda maƙwabcina ya faɗi.

Ya koya mana cewa wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa, domin ruwan huhu zai tafi. In yana numfashi, a kwantar da shi bisa gefensa don kada harshe ko amai su toshe masa maƙogwaro. Jini kuwa danne shi ake yi da tsumma mai tsabta, a danne da ƙarfi kamar minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba, kuma ba a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Ƙuna ruwa mai sanyi take so, a yi ta kwarara har minti 20, ban da ƙwai da manja da man goge haƙori da muka saba shafawa. Wanda numfashinsa ya tsaya, a ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa a danna zurfin kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti guda. Wanda ya samu horo yakan yi danna 30 ya hura numfashi 2, wanda bai samu ba ya yi ta dannawa kawai. Ya ce wannan dabara ba ta daɗe a duniya ba, a 1960 ne wasu masana a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka bayyana ta. Da aka ba ni mutum-mutumin roba na gwada, minti biyu ban cika ba hannuwana suka mutu, gumi ya jiƙe mini riga.

Akwai kuma darasin da ban taɓa jin irinsa ba, wato yadda ake sarrafa taro. Dattijon ya ce taron da ba a ba aiki ba shi ke neman wa kansa aiki, kuma aikin da zai samo shi ne ɗaga majiyyaci da ba shi ruwa. Saboda haka kada ka ce, "Jama'a, a kira mota," don kowa zai zaci wani zai kira. Ka nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce kai mai jar hula buga waya, kai tsayar da motoci, ku biyu ku ɗauko benci, kai kuma matsar da mutane baya ya sha iska.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne, kuma lalle hukuma na da nata rabo. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, tana da lambar kira 122, ga kuma lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya, 112. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa asibitoci duba wanda aka harba da bindiga ko babu takardar 'yan sanda, ta kuma ce kada a wulaƙanta wanda ya kawo shi. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da tsarin agajin gaggawa da motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa. A nan birni muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru. Duk wannan ya kamata kowa ya sani, musamman direbobin da ke gudun taimako don tsoro. Amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam takan soma lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 in numfashi ya yanke. Wace mota ce za ta ratso lungunan cikin gari a wannan ɗan lokaci, inda wani lungun ko amalanke da ƙyar yake wucewa, kwatance kuma sai dai a ce bayan masallaci kusa da mai shayi? Likita na da nasa lokaci, amma mintocin farko suna hannun mai shayi da ɗan kabu-kabu da mahauci da uwargida da malamin aji. A ƙasar Gana an gane haka tun wajen ƙarshen shekarun 1990, inda aka ba direbobin haya fiye da 300 horo na awa shida, saboda su ne ke fara isa wurin haɗari, su ne kuma ke kai mutane asibiti.

Na gama Asabar uku na karɓi 'yar takardar shaida na rataye a ɗaki, ina ganin na ƙware. Bayan wata shida dattijon nan ya tare ni a ƙofar masallaci, ya nuna wani yaro ya ce ya kwanta, ya ce mini, "To Malam, ga shi ya faɗi." Wallahi sai na tsaya sororo. Na manta abin da ake fara dubawa, na rikita lissafin dannawa, hannuna kuma ya nufi hammatar yaron kamar yadda ya yi a 2013. Dattijon ya yi murmushi ya ce wannan ilimi kamar hadda yake, in babu tilawa zubewa yake yi, kuma ranar tashin hankali kai ba ya tuna komai, abin da hannu ya saba shi zai aikata.

Wannan magana ce ta sa na nemi izinin shugaban makarantarmu na kafa ƙungiyar agaji ta ɗalibai. Muna haɗuwa duk ranar Alhamis bayan an tashi, na minti 40. Ba mu da mutum-mutumin roba, sai muka cika buhu da tsumma da yashi muka zana masa ƙirji da alli. Wani tsohon ƙyauren aji shi ne gadon ɗaukar majiyyaci, kwalin taliya shi ne abin ɗaure karaya, ɗankwali da rawani su ne bandeji. Kowane mako ɗalibi ɗaya zai kwanta, biyu su yi agaji, sauran su zama taro, suna ihu suna salati suna ba da shawarwari. Dole a samu wanda zai fito a matsayin dattijo mai ledar ruwa, wanda ya rantse sai ya ba majiyyaci ya sha. A nan na gano cewa abin da ya fi yi wa yaranmu wuya ba dannar ƙirji ba ce. Yaron da aka tarbiyyantar da kada ya musa wa babba, ta yaya zai hana sa'an kakansa abin da ya yi niyya? Sai da muka yi makonni muna maimaita jimla ɗaya, cikin ladabi da murya mai ƙarfi: "Baba, don Allah a dakata, an koya muna wannan. Taimaka muna da matsar da mutane."

Na kuma dage sai 'yan mata sun shiga, ko da yake wasu iyaye sun yi gardama. Hujjata ita ce, in mace ta faɗi a kasuwa ko cikin gida, maza kan ja baya saboda kunya da tsare haddi, to wa zai taɓa ta in matan ba su sani ba? Na tuna musu da Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, har a tantinta aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan an harbe shi a yaƙin Khandaƙ. Da yawa daga cikinsu suka sauko.

A watan Afrilu na 2019, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, wata yarinya 'yar aji biyu ta faɗi cikin aji tana farfaɗiya. 'Yan ajin suka watse, wasu ta taga, domin an gaya musu tun suna ƙanana cewa wanda miyaun mai farfaɗiya ya taɓa shi ma ya kamu. Wata malama ta sheƙo da cokali za ta tura mata a baki don kada ta ciji harshe. Ɗalibaina biyu mata suka riga ni isa. Ɗaya ta janye bencina ta naɗe hijabi ta sa mata ƙarƙashin kai, ɗayar ta dubi malamar ta ce, "Malama, don Allah a bar cokalin, haƙora zai karya mata. Duba muna agogo." Ba su danne ta ba, ba su ɗura mata komai ba. Sun san in jijjigar ta wuce minti 5 sai asibiti, amma cikin minti biyu ta lafa. Suka juya ta bisa gefenta, ɗayar ta sa gefen mayafinta ta share mata miyau a gaban duk masu leƙe ta taga. Ko da na iso ban tarar da abin yi ba. Wannan shafar miyau ta yi abin da na shekara ina faɗa a aji bai yi ba, don kowa ya ga mai shafar ta zo makaranta washegari lafiya lau. Daga baya muka shawo kan mahaifin yarinyar ya kai ta asibiti aka ɗora ta kan magani, ta kuwa kammala karatunta.

Kada mai karatu ya zaci kullum nasara ake yi. Akwai wani tsoho da ya yanke jiki ya faɗi a masallaci, ni da wani ɗan agaji muka yi ta karɓa-karɓa muna danna ƙirjinsa har mota ta zo, amma kwana ya ƙare. Na yi baƙin ciki, sai dai a daren na yi barci, domin na san abin da hannuna ya yi shi ne abin da ya kamata.

Yanzu bari in dawo gare mu, 'yan'uwa marubuta. Na taɓa tambayar ɗalibaina inda suka koyi cewa ruwa ake watsa wa wanda ya suma, suka ce a littafi da fim. Ashe muna koyarwa ko ba mu yi niyya ba. Ba ina cewa mu mayar da labaran soyayya littafin kiwon lafiya ba ne, don ba wanda zai saya. Roƙona shi ne, in ka kifar da mota a babi na bakwai, kada ka yi gaggawar kai mu asibiti. Tsaya da mu a bakin titin nan ko da sakin layi biyu ne. Nuna mana mai ledar ruwa, da direban da ya ƙi tsayawa, da yarinyar da muryarta ke rawa amma ta ce wa dattijo ya dakata. Duk abin da marubuci ke nema na tsoro da jarumtaka da nadama yana cikin waɗannan mintoci. In ba ka san yadda abin yake ba, nemi 'yan agajin unguwarku ko ofishin Red Cross na jiharku, ka ba su Asabar ɗaya, ka durƙusa ka danna har hannunka ya gaji. Bayan wata shida ka koma ka sake. Matar da ke karanta littafinka a cikin ɗaki, wataƙila ita kaɗai ce a gida ranar da ɗanta zai faɗa wuta.

Ɗan maƙwabcina, wanda aka bari yana tatata, yanzu yana makarantarmu, kuma ya shiga ƙungiyar Alhamis da kansa ba tare da na kira shi ba. In aka zo darasin ƙyaure shi yara kan zaɓa ya riƙe kai, saboda hannunsa ba ya rawa. Har yau ban iya gaya masa yadda aka ɗauki mahaifinsa ba, da kuma wanda ya kama hammata. Na yi wa kaina alkawari zan gaya masa kafin wannan mujalla ta fito, don kada ya ji a bakin wani.

Allah Ya jiƙan maƙwabcina, Ya gafarta mini abin da na yi cikin rashin sani, Ya saka wa dattijon da ya koya mini da alheri. Mu kuma Ya ba mu ikon koyon abin da zai amfani 'yan'uwanmu tun kafin ranar bukatarsa ta zo, amin.